Me ya sa haƙoran yaran Yupik ke ruɓewa alhali na kakanninsu ba su ruɓe ba?

Wata ɗaliba mai koyon aikin lafiyar al'umma ce ta aiko da tambaya. Ta ce an faɗa musu a aji cewa 'yan asalin ƙasa, wato al'ummomin da Turawa suka tarar a Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, sun fi sauran mutanen ƙasashensu fama da ruɓewar haƙori. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne ƙasashen nan ba su rasa kuɗi ba, ba su rasa likitoci ba. To abin a jininsu yake, ko sakaci ne da tsaftar baki? Kuma don me ake saka ciwon haƙori cikin matsalolin lafiyar al'umma tunda ba ya yaɗuwa kamar ƙyanda?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ba jini ba ne, ba kuma ƙazanta ba ce. Zan ɗauki wuri ɗaya in zauna a kansa, domin in aka haɗa al'ummomi ɗari a magana ɗaya ba a ganin fuskar kowa. Wurin shi ne kudu maso yammacin Alaska, jihar Amurka da ke can ƙuryar arewa, inda kogunan Yukon da Kuskokwim ke malala cikin teku, ƙasar mutanen Yupik. Babban garinsu Bethel, kewaye da shi akwai ƙauyuka sama da hamsin, kuma babu titin mota da ya haɗa yawancinsu da juna, balle da sauran duniya. Da rani kwale-kwale, da sanyi babur ɗin kan ƙanƙara, in tafiyar ta yi nisa ƙaramin jirgin sama.

Mu fara da maganar jini, don ita ce mai sauƙin warwarewa. A shekarun 1920 da 1930 wani likitan haƙori na Jami'ar Kolambiya, Leuman Waugh, ya yi ta tafiye-tafiye zuwa Labrador ta Kanada da Alaska yana duba bakin mutane. Abin da ya gani shi ne, a wuraren da har lokacin ake cin abincin gado, da wuya ka sami haƙori mai kogo. Haƙoran tsofaffi sun side saboda taunar busasshen kifi da nama da fatar da ake taunawa don ta yi laushi, amma ba su ruɓe ba. Inda kuwa kantin 'yan kasuwa ya riga ya isa da fulawa da sukari, nan ne kogon ya fara bayyana. Sai a 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta duba yara a ƙauyuka biyar na karkarar Alaska. Cikin 'yan shekara huɗu zuwa biyar, kashi 87 cikin ɗari suna da ruɓaɓɓen haƙori. Cikin 'yan shekara goma sha biyu zuwa goma sha biyar, kashi 91. A sauran Amurka, a waɗannan shekaru, kashi 35 ne da kashi 51. Mutanen su ne dai, jikoki da tattaɓa-kunnen irin waɗanda Waugh ya duba. Jini ba ya sauyawa cikin shekara tamanin. Abin da ke shiga baki ne ya sauya.

Kafin in ci gaba, bari in tuna miki yadda haƙori ke ruɓewa, domin sauran bayanin duk a kansa yake tsaye. Babu tsutsa a cikin haƙori, ko da yake har gobe ana faɗin haka a wajenmu. Akwai dai ƙwayoyin cuta da ke zaune cikin farar dauɗar nan mai manne wa haƙori, fitacciya a cikinsu ita ce Streptococcus mutans. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, sai su ci, su fitar da tsami. Cikin 'yan mintoci tsamin zai kai matakin da yake narkar da farin ɓawon haƙori, wato idan ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya yi ƙasa da kimanin 5.5. Yawu ne mai ceto: yana wanke tsamin, yana mayar da sinadaran da suka zube, amma yana buƙatar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Wanda ya ci abinci sau uku a rana, haƙorinsa na samun hutun da zai gyaru. Wanda yake kurɓar abin zaƙi kaɗan-kaɗan daga safe har dare, bakinsa ba ya fita daga tsami. Shi ya sa yawan lokutan da sukari ke taɓa haƙori yake da muhimmanci kamar yawan sukarin kansa. An tabbatar da wannan a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hanyar da ba za a yarda da ita ba yau: an riƙa ba masu taɓin ƙwaƙwalwa alawa mai danƙo tsakanin abinci, ba da yardarsu ba, ana kallon haƙoransu na lalacewa.

To dubi abincin Yupik na da: kifin salmon da farin kifi, busasshe ko daskararre, naman sil, dabbar tekun nan mai kitse, da manta, naman dawa, tsuntsaye, ƙananan 'ya'yan itatuwan daji a ɗan lokacinsu. Kusan babu sukari, garin hatsi ma babu. Ƙwayoyin cutar baki ba su da abin ci. Daga baya sai kanti ya zo, makaranta ta zo, aka tsugunar da mutanen da a da suke bin kifi da dabba daga zango zuwa zango. Akwai wani tsarin gidan waya na Amurka da ke rangwanta kuɗin jigilar kaya ta jirgi zuwa ƙauyukan Alaska, an yi shi da kyakkyawar niyya don abinci ya yi sauƙi. Sai dai kayan da suka fi jure tafiya su ne waɗanda ba sa lalacewa. Ganye da madara da 'ya'yan itace kafin su iso sun yi tsada ko sun fara ɓaci, lemon gwangwani kuwa da garin lemo irin su Tang da Kool-Aid ko shekara za su yi a kan kanta ba abin da zai same su. Hatta akutaq, abincin marmarinsu na gado da ake yi da kitse da 'ya'yan daji, yanzu da yawa da man kanti da sukari ake haɗa shi.

Wani likitan haƙorin yara na Jami'ar Washinton, Donald Chi, da abokan aikinsa sun auna yawan sukarin da yaran Yupik ke sha ta hanyar gwajin gashin kai, don tambayar uwa me ɗanta ya ci jiya ba ta cika ba da amsa daidai ba. Sun sami matsakaicin giram 193 a rana, wajen ƙaramin cokali arba'in da takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa take ya fi kyau kada a wuce kimanin giram 25, cokali shida. Lissafa ki gani, kusan ninki takwas. Kuma mafi yawansa sha ake yi, ba ci ba.

Nan ne mai saurin yanke hukunci zai ce, ai laifin iyaye ne, su ba yaransu ruwa mana. Wane ruwan? Wannan shi ne wurin da nake so ki daɗe a kai. Ƙasar yankin daskararriya ce har can ciki, binne bututu a cikinta aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai. Har yau akwai ƙauyukan da gidajensu babu famfo, babu makewayi mai ruwa, bokiti ake amfani da shi a kai a zubar. Ruwa sai an ɗebo daga wurin tara ruwan gari, ko a tari na sama, ko a faso ƙanƙarar kogi a narkar. Ke kin san gidan da ake sayen ruwa garwa-garwa: girki ne farko, sai sha, sai wanki, goge wa ɗan shekara biyu haƙori sau biyu a rana can yake a ƙarshen layi. In kuma ruwan na da wani ɗanɗano da yaro ba ya so, ko uwar ba ta amince da shi ba, sai a zuba garin lemo a jarka a kaɗa, kowa ya sha har dare. A ganin uwar alheri ta yi wa ɗanta, musamman da yake a jikin kwalin an rubuta yana ɗauke da bitamin.

Rashin famfo yana da wata illa ta biyu. Tun 1945 da aka fara a garin Grand Rapids na jihar Mishigan, garuruwan Amurka da yawa na zuba ɗan wani sinadari mai suna fuloraid a ruwan sha, yanzu a ma'aunin miligiram 0.7 a kowace lita, don ƙarfafa ɓawon haƙori. Inda babu famfo babu wannan. Inda akwai famfon ma, akwai tabon da bai warke ba. A watan Mayun 1992, a ƙauyen Hooper Bay na wannan yanki, injin zuba fuloraid ya sami matsala ya kwarara fiye da kima cikin ruwan gari. Mutane kusan ɗari uku suka kwanta, mutum ɗaya ya rasu. Bayan haka ƙauyuka da yawa suka daina. Ban ga laifinsu ba. Mu ma mun san tsoron nan ta wata fuskar: a Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid na asali, wanda aka fara sha tun tsakiyar shekarun 1980, ya ɓata haƙora ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Sinadarin magani ne a daidai ma'auninsa, guba ne in ya wuce, kuma tsare ma'aunin sai da ƙwararren ma'aikaci da kayan gwaji kullum. Binciken 2008 ɗin ya nuna yaran ƙauyukan da ba a zuba fuloraid sun fi yawan ruɓaɓɓun haƙora, haka ma masu yawan shan lemon gwangwani. Amma wanda ya binne ɗan'uwansa ba a lallashinsa da lissafi, sai dai a nuna masa wanda zai tsaya a kan injin.

Yanzu ga ɓangare na biyu na tambayarki, me ya mayar da shi matsalar al'umma. Abin da ya sa CDC ta je binciken nan tun farko shi ne rahoton cewa a 2007 yara 'yan ƙasa da shekara shida kimanin ɗari huɗu aka yi wa gyaran baki gaba ɗaya, a yankin da haihuwarsa a shekara ba ta wuce kimanin ɗari shida ba. Gyaran baki gaba ɗaya na nufin a sa wa yaro maganin barci a ɗakin tiyata, a cire abin da ya mutu, a cike abin da za a iya ceta, a rufe turame da hular ƙarfe. Kafin nan sai an ɗauko shi da uwarsa a jirgi, an bar sauran yara a gida, an jira layi. Ciwon da ke kai yawancin yaran gari ɗakin tiyata kafin su shiga aji ɗaya ya wuce a ce matsalar gida ɗaya ce.

Kuma ki cire wa kanki maganar nan ta "ai haƙoran nono ne, zai yi famfara". Turamen yarinta sai wajen shekara goma zuwa goma sha biyu suke faɗuwa. Yaron da bakinsa ke ciwo ba ya tauna, ba ya barci, ba ya sauraron malami. Ƙurjin da ya taru a saiwar haƙori na iya kumbura fuska, ya bi zuwa wuya ko ido, wani lokaci ya kai ga rasa rai. Haƙorin da aka cire da wuri na barin gurbi, na kusa su karkato, na dindindin ya fito a karkace. Bakin da ya cika da ƙwayoyin cuta tun yarinta kuma shi zai tarbi sababbin haƙoran. Irin ruɓewar ƙananan yara ma tana da zanenta da za ki gane da ido: haƙoran gaba huɗu na sama su ne na farkon lalacewa, na ƙasa su tsira domin harshe na rufe su yayin tsotso. Fida mai abin zaƙi a bakin yaro da dare ita ce uwar wannan, saboda yawu na raguwa in ana barci.

Sai nisa. Tsarin da aka daɗe a kansa shi ne likitan haƙori ya sauka ƙauye da akwatunansa sau ɗaya ko biyu a shekara, ya yi 'yan kwanaki, ya tafi. Wanda ke da mako guda da layin masu kumburin fuska ba shi da lokacin rigakafi, cirewa zai yi ta yi. Yaro kuma ya tashi da sanin cewa likitan haƙori baƙo ne mai zuwa da allura da filaya. Likitocin ma ba sa daɗewa a aikin, ana ɗauka suna barin wurin.

Akwai kuma tarihin da ya sa amana ta yi wuya, ko da yake misalin da zan ba ki daga maƙwabciya Kanada yake. A 2013 masanin tarihi Ian Mosby ya fito da takardun da suka nuna cewa tsakanin 1942 da 1952 gwamnati ta yi gwaje-gwajen abinci a kan 'yan asalin ƙasa, har da yara a makarantun kwana da aka raba su da iyayensu. A wasu makarantun an dakatar da kula da haƙoran yaran da gangan, don lafiyar dasashi na cikin abin da ake aunawa, gyara kuwa zai ɓata sakamako. Jikar wadda aka yi wa haka in ta yi jinkirin kai ɗanta asibiti, a yi hattara kafin a kira ta jahila.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin Alaska shi ne abin da mutanen suka yi da kansu. Tun 1921 Niyu Zilan ta fara horar da mata ma'aikatan haƙori na makarantu, ba likitoci ba, masu cike haƙori da cire na yara. Ƙungiyar lafiya ta ƙabilun Alaska, ANTHC, ta duba wannan ta ce me zai hana mu. A 2003 ta tura rukunin farko na 'ya'yanta Jami'ar Otago da ke Dunedin a Niyu Zilan, suka yi shekara biyu, suka dawo suka kama aiki a yankunansu. Aikinsu sanannen abu ne mai iyaka: duba baki, wankewa, shafa fuloraid, toshe ramukan turame kafin su ruɓe, ciko, da cire haƙori mara rikici. Kafin a bar mutum shi kaɗai sai ya yi aƙalla awa ɗari huɗu a gaban likita, daga nan kuma likitan na bin aikinsa daga nesa ta waya da hotuna.

Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka da reshenta na Alaska suka kai ƙara kotu a 2006. Hujjarsu ita ce wanda ya yi karatun shekara biyu bayan sakandare bai kamata ya huda haƙori ko ya cire ba, don aiki ne da ba a mayar da shi baya, kuma bai dace a ba 'yan asalin ƙasa kulawar da ba ta kai ta kowa ba. Ni ma'abocin wannan fanni ne, kuma ban ɗauki hujjar wasa ba. Hannu mara horo na iya yin ɓarna a baki. Amma sun auna ma'aikacin da likitan da ba ya nan. Yarinyar da ke ƙauyen da jirgi kaɗai ke zuwa ba zaɓi take tsakanin likita da ma'aikaci ba, zaɓinta tsakanin ma'aikaci ne da jiran wata takwas da ciwo. A 2007 kotun jihar ta ba ƙabilun gaskiya, a shekarar kuma aka fara horarwar a cikin Alaska, a Anchorage da Bethel, tare da Jami'ar Washinton. Wani bincike mai zaman kansa a 2010 ya sami aikinsu ba shi da haɗari kuma ya dace. Daga baya Chi ya bi bayanan yankin na 2006 zuwa 2015, ya ga ƙauyukan da ma'aikatan suka fi daɗewa a ciki an fi yin rigakafi, an kuma rage cire haƙoran gaba na ƙananan yara da cire wa manya haƙora. Jihar Minesota ta halatta irin wannan aiki a 2009, ƙabilar Swinomish ta jihar Washinton ta ɗauki nata ma'aikacin a 2016. Kanada kuwa da ta riga su, da makarantarta ta horar da irin waɗannan ma'aikata tun 1972, ta janye kuɗin gwamnatin tarayya aka rufe ta a 2011.

A ganina ƙarfin ma'aikacin nan ba a hannunsa kaɗai yake ba. Yana jin Yupik. Ya san gidan da aka haihu makon jiya. Zai gamu da uwar a kanti da kwalin garin lemo a hannunta, ya yi mata magana a matsayin ɗan ƙanwar kakarta, ba baƙon da zai hau jirgi ranar Juma'a ba. Yaro kuma zai fara zama a kujerarsa tun babu ciwo.

Duk da haka ma'aikaci ba ya kwashe sukari daga kanti, ba ya kuma kawo famfo. Haƙorin da aka cike yau in bakin bai fita daga tsami ba zai sake ruɓewa a gefen cikon. Shi ya sa wasu al'ummomin suka taɓa kasuwar kanta: mutanen Nabaho, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasa a Amurka, a dokarsu ta 2014, sun sa harajin kashi biyu cikin ɗari a kan lemo da kayan maƙulashe, kuɗin na komawa ayyukan lafiyar unguwanni. Kayan aiki ma sun yi sauƙi. Akwai ruwan magani na azurfa da fuloraid da ake ɗiga wa kogo ya tsayar da ruɓewar ba allura ba huda, illarsa wurin zai yi baƙi, don haka dole a nuna wa uwa hoto ta yarda kafin a shafa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi, tare da man goge baki mai fuloraid, cikin jerin muhimman magunguna.

Kina iya cewa ina ruwanmu da Alaska. Tarihinsu ba namu ba ne, kada a cakuɗa. Amma hanyar da ciwon ya bi ya shige su a buɗe take a ko'ina: sukari mai arha ya isa ƙauye kafin likita ya isa. Dubi teburin mai shayi, dubi abin da ake saya wa yaro a ƙofar makarantar allo da ta boko, dubi abin da ke cikin fidar jariran unguwarku. Asuwaki yana cire dauɗa ƙwarai in an iya shi, sai dai ɗan shekara biyu ba ya yin asuwaki.

In an tura ki aikin ƙauye, ga abin da ba ya buƙatar kujera ko wuta. Ranar rigakafi, yaro na kan cinyar uwarsa, ki wanke hannu ki ɗaga leɓensa na sama. Ki duba gindin haƙoran gaba, dab da dasashi. In kin ga farin layi kamar an goga alli, ruɓewa ce ta fara, kuma a wannan mataki tana komawa baya. Ki tambayi uwar me yake sha da dare. Ki nuna mata man goge baki mai fuloraid, gwargwadon ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara uku, safe da dare, ita za ta goge masa da hannunta. In layin ya riga ya zama ruwan ƙasa ko ya faɗa, ki rubuta mata takardar zuwa asibiti a ranar.